Karatu daga gida: da wane kuran, da wane rezo?

Jawabin ɗan takararmu na majalisar dokoki a gangamin Magarya, Disamba 2020



Iyayena sarakuna da masu gari, malamanmu, iyaye mata da kuka ajiye daka da girki kuka fito, matasa majiya ƙarfi, mutanen Bande da Waca da Yekuwa da Sasumburum, da ƴan uwan da suka taso tun daga Dungas, ina gaishe ku baki ɗaya. Sannunku da rana, Allah ya saka da alheri.

Na san abin da kuka saba ji a irin wannan dandali: taki, hanya, tsadar hatsi, da wahalar da kuka sha tun watan Agusta na 2019 da Najeriya ta rufe iyaka. Duk za mu taɓo su a kwanakin da suka rage. Yau magana ɗaya na zo da ita, maganar karatun yaranku. Kafin in shiga siyasa alli na riƙe shekara da shekaru, da yawa cikinku har gobe mushe kuke ce mini. Don haka ku yi mini haƙuri in na ɗan zurfafa.

Ku tuna ranar Juma'a 20 ga watan Maris na bana. Saboda cutar korona gwamnati ta rufe makarantu kaf, daga ajin farko har jami'a, ba a sake buɗewa ba sai 1 ga watan Yuni. Kwana 73 ke nan. Ba na ganin laifin rufewar, kusan duk ƙasashen duniya sun yi haka, kuma rai ya fi komai. Abin da nake tambaya shi ne abin da ya biyo baya. An ce yara su ci gaba da karatu daga gida. To, madalla. Da me?

Bari in ba ku labarin gidanmu, ba na kowa ba. Ina da ƴaƴan ƴan uwa biyu da suke ajin ƙarshe na CEG a bana. Namijin yana Yamai wurin yayana, a makarantar kuɗi. Kowace safiya malamansu na turo musu darasi ta WhatsApp, ya yi aikin a takarda, ya ɗauki hoto ya mayar, a gyara masa kafin la'asar. Fanka na kaɗawa a kansa. Macen, ɗiyar ƙanwata ce, tana wani ƙauye ta wajen Tinkim. Na je gaishe su a watan Afrilu. Waya ɗaya ce a gidan, ƙarama mai tocila, ta mahaifinta, kuma da ita yake fita kasuwa. In cajinta ya ƙare sai an aika da ita gari an biya dala ashirin. Na tambaye ta, ɗiyata, ina karatu? Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini littafin rubutunta. Shafi na ƙarshe da ta cika, kwanan watan Maris ne a samansa. Ta ce ta maimaita abin da ke ciki har ta haddace, amma ba wanda zai ƙara mata gaba.

Da lokacin BEPC ya zo, takarda ɗaya aka ajiye wa su biyun, tambayoyi iri ɗaya, awa ɗaya. Shi ya ci. Ita ba ta ci ba. Na koyar da su duka a hutu, kuma Allah shi ne shaida, ta fi shi kaifin kai a lissafi. Da kaka ta yi, mahaifinta ya fara maganar ɗaki. Sai da na yi sawu uku kafin ya yarda ta maimaita shekara ɗaya, ya ce mini, Malam, ɗaya ce fa. Ban ga laifinsa ba, don bai ga abin da makarantar ta ba ta ba. Ita dai tana da kawu mai surutu. Ɗiyan da ba su da shi fa? A ƙasar nan uku cikin huɗu na ƴan mata ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta sa hannu kan dokar da ke cewa a riƙe ɗiya mace a makaranta har shekara 16. Doka ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Amma ɗiyar da aka sallama gida wata biyu da rabi babu ko takarda ɗaya a hannunta, wace doka ce za ta riƙe ta?

Kuma kun san abin da buɗewar 1 ga Yuni ke nufi a wurinmu. Lokacin shuka ne. Yaro yana gona bayan mahaifinsa. Ajin zana kuwa, ruwan farko in ya zo da iska ya gama da shi, ba a sake kafa wani sai an yi girbi an samu kara. Ke nan yaron ƙauye ya yi asara sau biyu: ya rasa watannin rufewa, ya kuma rasa watannin ramuwa.

Yanzu ina roƙonku abu ɗaya. Duk wanda ke da mitar NIGELEC a gidansa ya ɗaga hannu. Ku duba gefenku. Mutanen cikin gari ne kawai, su ma ba duka ba. A Nijar baki ɗaya, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran, kuma mafi yawansu a birane suke. Wanda muke samu a yankin Maraɗi da Damagaram ma, kaso mai yawa daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, in an yi tari can, mu kwana cikin duhu nan. Lokacin korona shugaban ƙasa ya ce gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watan Afrilu da Mayu. An yi tafi. Amma wannan alheri sai mai mita da famfo. Mai fitilar batir da guga bai san an yi ba.

Rezo kuma ba sai na gaya muku ba. Kowane ƙauye ya san tudunsa ko bishiyarsa da ake zuwa a ɗaga waya sama. Da yawanku layi biyu ne da ku, na gida da na Najeriya, kuma a wasu garuruwan bakin iyaka na Najeriyar ya fi kamawa. Mutum yana zaune cikin ƙasarsa, sai ya sayi kati da naira kafin ya gaida ɗansa da ke Damagaram. A wancan lokacin jihohi irin su Kano da Kaduna sun riƙa sa darussa a rediyo, wasu yaranmu da akwatinsu ya kamo suka zauna suka saurara don ƙishirwa. Allah ya saka wa ƴan uwanmu na can, amma manhajarsu daban, Turancinsu na Ingilishi, yaranmu kuwa da Faransanci za a tambaye su. Kamar ka ji ƙamshin miyar maƙwabci ne, tuwonka na nan gaya.

Sai a ce mana talauci ne, ƙasar ba ta da hali. Nan ne nake so dattawa su taya ni tuna baya, don da tsohuwar zuma ake magani.

A 1964, shekara huɗu kacal da samun mulkin kai, zamanin Diori Hamani, Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin. Ana shirya darasi a Yamai, ana ajiye akwati a cikin aji, har da azuzuwan ƙauye, malami na tsaye gefe yana bi da yara. Inda babu kuran, daga baya aka riƙa kunna akwatunan da hasken rana. A lokacin ƙasar ba ta ma da gidan talabijin na jama'a, daga wannan aiki ne Tele Sahel ta samo tushe. Kafin nan, tun 1962, akwai ƙungiyoyin sauraren rediyo, mutanen gari su taru gindin akwati ɗaya, a saurara, a tattauna, a aika da ra'ayi. Kuma mutumin da ya fi kowa tsayawa kan amfani da rana a ƙasar nan, Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi, nan kusa da mu, ya yi shekaru yana jagorantar hukumar makamashin rana ta ONERSOL. Ba na cewa shirin talabijin ɗin ya game ƙasa, bai game ba, kuma da taimakon Faransa aka yi shi. Amma ku duba: babu man fetur a lokacin, babu matatar SORAZ, uraniyom ma ba a fara haƙa ba. Iyayenmu suka zauna suka yi tunanin yadda darasi zai kai ga yaron da ke nesa. Bayan shekara 56, da fetur da uraniyom da zinariya, aka rufe makarantu, ɗiyar ƙanwata ba ta samu ko shafi ɗaya ba.

To ina kuɗin suka tafi? Jam'iyyar PNDS Tarayya ta hau mulki a watan Afrilu na 2011. Da bakinsu suka yi alkawarin ba ilimi kashi 25 cikin ɗari na kasafin kuɗi, da karatu kyauta kuma dole har shekara 16. An ce da kare ana biki a gida, ya ce mu gani a ƙasa. A 2014 aka auna yaran ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, awon da ake kira PASEC. Nijar ce ta zo ƙarshe, ko ɗaya cikin goma na yaranmu bai kai matakin iya karatu da ake bukata ba. Wanda ya ga wannan sakamako ya kamata barci ya gagare shi. Mun ga an ƙawata Yamai saboda taron Tarayyar Afirka na 2019, da sabunta filin jirgi da manyan otal. Mun ga Damagaram Sabuwa a 2018, an yi fitilu an yi kwalta, kuma ba mu ƙi garinmu ya yi kyau ba. Sannan a bana binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito da maganar miliyar 76 na sefa da suka salwanta wajen sayen kayan soja, a daidai lokacin da ake kashe mana sojoji a Inates da Shinagodar. Ni malamin lissafi ne. Ku ɗauki miliyar ɗaya tak cikin 76, ku je kasuwa ku tambayi kuɗin faifan sola da batir da rediyo, ku raba, ku ga makarantu nawa za su samu haske.

Akwai kuma kuɗin da an riga an ware su saboda ku, da yawanku ba ku ma san da su ba. Doka ta wajabta wa kamfanonin waya su riƙa zuba wani kaso na cinikinsu cikin wani asusu na musamman, wanda aikinsa shi ne kai rezo inda kamfani ba zai je da kansa ba don babu riba. Duk sanda kuka sa kiredi, da guminku a ciki. Akwai shirin da suke kira ƙauyuka na zamani ƙarƙashin hukumar ANSI, wanda Bankin Duniya ya amince ya sa wa dalar Amurka miliyan 100 a watan Yuli na bana. Akwai kuma babbar igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da Bankin Raya Afirka ke ba da kuɗinta, wadda aka tsara reshenta ɗaya zai taso daga Damagaram ya ratsa Magarya ya kai iyakar Najeriya. Ta ƙofar gidajenku za ta wuce. Tambayata ita ce, za a ja mata reshe zuwa CEG da lise da likita, ko za ta wuce mu kamar yadda manyan motoci ke wucewa su bar mu da ƙura? Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Jiya da dare wani dattijo ya tare ni, ya ce, Malam, yaranmu a ƙasa suke zaune, babu benci babu littafi, malamin ma sai ya yi kwanaki a gari yana jiran ɗan abin da ake biyansa, kai kuma kana maganar intanet? Na ce, Baba, gaskiyarka. Aji na bulo da malamin da aka biya kan lokaci su ne gaba da komai, kuma babu na'urar da za ta maye gurbin malami. Mafi yawan masu koyar da yaranmu ƴan kwantaragi ne, kuma duk wanda ya riƙe alli ya san yadda wata ke yi musu tsawo. Amma Baba, makaranta a ƙasar nan ba korona kaɗai ke rufe ta ba. Yajin aiki na rufe ta. Ambaliya na rufe ta, kun ga bana yadda mutane suka koma kwana cikin azuzuwa. Rashin tsaro ya rufe makarantu a Diffa da Tilaberi. Duk ranar da ƙofa ta rufe, ɗan mai hali yana da taga, ɗan talaka ba shi da ita. Tagar nake magana.

Wata uwa kuma ta ce ita ba ta son a ba ɗiyarta babbar waya, ta ga abin da take jawowa. Hajiya, ni ma uba ne, kuma ban zo raba wa yara waya ba. Ku ji abin da muke nufi.

Rediyo muke so a fara da shi, don shi ne ke kowane gida, shi ke bin manomi gona, shi ke rataye a wuyan makiyayi. Muna da Muryar Sahel, muna da gidajen rediyon karkara a gundumomi da dama. Gwamnati ta sayi lokaci a wurinsu, ta biya, a sa darussan manhajarmu a sa'a sananniya kullum, ko makaranta na buɗe ko tana rufe. Ga ƙananan aji a yi bayani da Hausa da Fulatanci da Barbarci kafin a shiga Faransanci, yadda uwar da ba ta yi lakwal ba za ta gane abin da ake koya wa ɗanta, har ta tambaye shi. Kuma darasin rediyo ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan littafin aiki da aka buga aka raba tun farkon shekara, yaro na ji yana bi da yatsa.

Sannan ku dubi abin da matasanmu suka riga suka iya. Kowace kasuwa akwai mai shagon caji da ke tura wa mutane wa'azi da waƙa da fim a katin waya, babu intanet babu komai. Hanyar da wa'azin malamin Kano ke bi ya iso Waca, me zai hana darasin lissafi na ajin BEPC ya bi ta? A ɗauki muryar ƙwararrun malamanmu, a zuba a kati, a ba kowane darakta, a bar masu shagon caji su tura wa duk mai so kyauta. Ko ƙaramar waya mai tocila tana karanta kati. Wannan ba ya bukatar miliyar, yana bukatar wanda ya damu.

Kowace CEG da ke karkara a sa mata sola da zai ba aji ɗaya haske da dare, ya caja na'urorin da za a ajiye a hannun darakta da kwamitin iyaye, a yi amfani da su a cikin makaranta a gaban malami. Ɗiyarki, Hajiya, ba za ta kai komai ɗaki ba. Kuma a zauna da Airtel da Moov da Niger Telecoms da masu kamfanin da ya gaji Orange, a sa cikin sharaɗin lasisinsu cewa shafukan darussan gwamnati ba sa cin kiredi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ɗan majalisa na kafa eriya ko yana gina aji ba. Wanda ya ce muku haka, ku riƙe aljihunku. Aikin ɗan majalisa uku ne: ya yi doka, ya amince ko ya ƙi kasafin kuɗi, ya kira minista ya tsaya gaban wakilan jama'a ya ba da amsa. Da waɗannan zan yi aiki. In kun aike ni, a zaman farko zan nemi a kawo lissafin asusun kai rezo karkara, nawa ya shiga, nawa ya fita, ina aka kafa. Zan nemi a buga sunayen ƙauyukan da aka zaɓa cikin shirin Bankin Duniya, gunduma gunduma, a manna a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari, don kada a wayi gari rezo ya bi inda aka fi ba wata jam'iyya ƙuri'a. Kuma ba zan ɗaga hannu ga kasafin da bai ware wa karatu ta rediyo da solar makarantu layinsu na kansu ba. Duk shekara zan dawo wannan fili in karanta muku abin da aka samu da abin da aka hana, ku riƙe wannan takarda ku tuhume ni da ita.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ina neman taimakonku tun yanzu. A bayan rumfar can akwai matasanmu da littafi. Kowane mai gari ko wakilinsa ya tsaya ya faɗa musu abu huɗu: sunan garinsa, ko akwai rezo da na wane kamfani, ko makarantarsu zana ce ko bulo, da yara nawa ne ba su koma aji ba tun rufewar Maris, maza nawa mata nawa. Ko kun zaɓe mu ko ba ku zaɓe mu ba, ku rubuta. Da wannan littafi zan shiga majalisa in Allah ya yarda, don minista na iya musun maganata, amma zai sha wuya kafin ya musa sunayen garuruwa.

Ranar Lahadi 27 ga wannan wata ne zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisa. Ku duba katinku tun yau, wanda bai karɓo nasa ba ya je ya karɓa. Ku kira ƴaƴanku da ke Maigatari da Babura da Daura da Kano su dawo gida kafin ranar, ko da layin Najeriyar ne. Iyaye mata, ku fito da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ku taho da maƙwabta. Wakilanmu na rumfuna, kada wanda ya tashi sai an ƙirga a gabansa an ba shi takardar sakamako a hannu. Alamar jam'iyyarmu tana bayan wannan takarda, ku nuna wa tsofaffin da ido ya yi wa rauni tun a gida.

Allah ya kai mu lafiya, ya maida kowa gidansa lafiya.